Darasi Na Tara: Injin Ajiya, A Sauke Shi Ko A Ƙyale Shi?

Duk wanda ya daɗe yana noman rani ko sana'ar niƙa a ƙasar Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, da wuya a rasa tsohon inji a gidansa. Yana nan a zaure ko a gindin rumbu, an lulluɓe shi da buhu, kaji na kwana a kansa. Na wani shi ne na farkon da ya saya, na wani gado ne, wani kuma da shi aka biya shi bashi. Da masara ta fara bushewa a gona, ko ruwa ya ɗauke aka soma shirin shiga fadama, sai maganar injin nan ta taso. A kai shi wurin makaniki a sauke shi. Tunda kuwa za a buɗe, me zai hana a ƙara masa ƙarfi har ya fi wanda ake aiki da shi yanzu?

Buƙatu biyu ne a nan, amma mutane kan haɗe su wuri guda. Ta farko, a maido wa inji ƙarfin da ya rasa. Ta biyu, a ba shi ƙarfin da bai taɓa samu ba tun daga masana'anta. Ta farkon aiki ne da kowane ƙwararren makaniki ya iya. Ta biyun ita ce mai cinye kuɗin mutane. Za mu auna su duka da lissafi, don haka kowa ya matso da littafinsa da biro.

Inda ƙarfin inji yake fitowa

Injin ban-ruwa da babur irin Boxer, duk tafiyarsu ɗaya ce. Akwai rami mai santsi a cikin bulo, shi ne silinda, fistan na hawa da sauka a ciki. In ya sauka sai ya zuƙo iska gauraye da fetur. Ya hau ya matse su. Filogi ya ba da wuta su kama, su ingiza fistan ƙasa da ƙarfi. Ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Taku huɗu ke nan, a ɗaya kacal ake samun ƙarfi. Kwanrod ne ke ɗaukar ingizar ya kai wa karankshaf, shi kuma ya mai da ita juyi. Injin gas na niƙa ba shi da filogi, zafin matsi ne ke kunna man, amma shi ma takun nasa huɗu ne.

Abu uku ke yanke yawan ƙarfi: yawan iska da man da silinda ke ɗauka a zuƙa guda, tsananin matsi, da yawan juyi a minti ɗaya. Duk makanikin da ya ce zai ƙara wa inji ƙarfi, ɗaya daga cikin ukun nan zai taɓa. Ku tambaye shi wanne.

Tsufan inji kuwa mafi yawansa yoyon matsi ne. Ringin da ke jikin fistan shi ke toshe 'yar tazarar da ke tsakaninsa da bangon silinda. Ƙurar hunturu, idan ta samu hanya ta matatar iska da ta yage, tana shiga ta riƙa gurzar ringi da bango a hankali, har matsin ya fara zurarewa ƙasa, baƙin mai kuma ya fara hawowa sama yana ƙonewa. Daga nan sai a ji mai inji na cewa "ba ya ja kamar da".

Lissafin borin

Idan bangon silinda ya cinye, akan kai bulo wurin masu injin borin su ƙara faɗin ramin kaɗan, a sa fistan da ringi masu girman da ya dace. Girman da aka saba samu a kasuwa shi ne ƙarin milimita 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. Mutane da yawa sun ɗauka cewa borin na mai da ƙaramin inji babba. Mu gwada da injin da kowa ya sani, Honda GX160, wanda 'yan Chaina suka kwaikwaya suka cika kasuwa da shi.

Faɗin silindarsa milimita 68 ne, tafiyar fistan daga sama zuwa ƙasa milimita 45. A mai da su santimita: 6.8 da 4.5. Rabin faɗin 3.4 ke nan. A ninka 3.4 da 3.4, a samu 11.56. A ninka da 3.14, a samu 36.3. A ninka da 4.5, a samu kusan 163. Wannan shi ne cikin injin, sisi 163, kuma daga nan lambar 160 ta samo asali.

Yanzu a yi masa borin na 0.50. Faɗi ya koma milimita 68.5, rabinsa santimita 3.425. Ku bi matakan nan da kanku, za ku tarar da kusan sisi 166. Abin da ya ƙaru bai kai sisi 3 ba, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Kashi 1.5 ne cikin 100. Ko an kai shi maƙura, an yi na 1.00, ƙarin bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, bangon kuma ya yi siriri, ba sauran wani borin a gaba.

Ga yayansa, GX200. Faɗin silindarsa milimita 68 ne shi ma, amma tafiyar fistansa milimita 54 ce. A ninka 36.3 da 5.4, a samu sisi 196. Bambancin kashi 20 cikin 100 ne, kuma daga tsawon tafiya ya zo, abin da borin ba ya taɓawa ko kaɗan. Shi ya sa a kasuwa ake rubuta wa ɗaya doki 5.5, ɗayan 6.5.

To me ya sa injin da aka yi wa borin yake dawowa da kuzari? Domin an toshe yoyo. Ƙarfinsa na asali ne ya dawo masa. Wannan riba ce mai kyau, kuma ita ce dalilin sauke inji. Amma wanda injinsa tun yana sabo ba ya iya jan injin casar masara, borin ba zai sa ya ja ba.

Gwamna, askin kai da jet

Tunda faɗaɗa rami bai kawo wani abin kirki ba, sai masu neman ƙarfi su koma kan juyi. Waɗannan ƙananan injuna an yi su ne su tsaya a wajen juyi 3,600 a minti, kuma akwai wata 'yar na'ura mai sifirin da ke hana su wucewa, makanikai na ce mata gwamna. Da kaya ya yi nauyi sai gwamna ya buɗe mai, da ya yi sauƙi sai ya rage. Yaran gareji sun iya ɗaure sifirin ɗin da waya ko su ja shi, inji ya ɗauki kuka, mai shi ya yi murmushi.

Ga abin da ba a gaya masa ba. A famfon ban-ruwa, idan an ƙara juyi da kashi 10 cikin 100, ruwan da ke fita zai ƙaru da kamar kashi 10. Amma ƙarfin da famfon zai nema daga inji ba kashi 10 zai ƙaru ba. Ana ninka 1.1 sau uku ne: 1.1 × 1.1 × 1.1, a samu 1.33. Wato domin ƙarin ruwa kashi 10, sai inji ya ƙara wahala da kashi 33, kuma fetur ne zai biya. Jijjigar da kwanrod ke sha wajen tsai da fistan da mai da shi ita ma ta ƙaru da kashi 21. Kwanrod ɗin waɗannan injuna na alminiyam ne, kuma ba su da famfon baƙin mai, wani ɗan cokali ne a gindin kwanrod yake fantsama shi. Ranar da kwanrod ya tsinke, bulo yake fasawa ya fito. A nan ne ake cewa inji ya buga, kuma wanda bulonsa ya fashe sai 'yan gwangwan. Akwai haɗari ga rai ma, domin fulawil, faifan ƙarfen nan mai nauyi da igiya ke juyawa, yana iya tarwatsewa in juyi ya wuce ƙima, kuma yara ne suka fi zama kusa da inji a fadama.

Dabara ta biyu askin kai. Ana kankare ƙasan kan inji kaɗan don wurin matsi ya ƙanƙance. Idan kan ya lanƙwashe saboda zafi, gasket na ƙonewa, askin daidaitawa magani ne. Amma askin neman ƙarfi na buƙatar fetur mai kyau wanda ba ya kamawa kafin lokaci. Wanda ke sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu bai san abin da ake zuba masa ba. In man ya riƙa kamawa da kansa, za a ji ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe a ciki, kuma kan fistan ne ke shan dukan.

Ta uku buɗe jet na kafireta da allura don mai ya ƙara kwarara. Mai ba ya ƙonewa sai da iska daidai gwargwadonsa. Ƙarin mai ba ƙarin iska, baƙin hayaƙi ne kawai da filogi mai baƙi, sauran man kuma ya wanke baƙin man da ke bangon silinda ya gaggauta cinyewar ringi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haye 1,000 a ƙarshen 2024, wannan dabara ta zama wasan masu kuɗi.

Injin da ba shi da fistan

Akwai wani irin inji da masu shi suka fi kowa shan wannan muhawara ta a sauke ko a ƙyale. Da wuya a gan shi a garejin Funtuwa ko Malumfashi, amma labarinsa na da amfani gare mu. Sunansa injin rotari, ko injin Wankel, da sunan Bajamushen da ya ƙirƙiro shi, Felix Wankel, wanda ya rayu daga 1902 zuwa 1988. Na farkonsa ya tashi a kamfanin NSU na Jamus a 1957.

Ba shi da fistan, ba kwanrod, ba bawul masu buɗe wa iska da hayaƙi hanya. A maimakon silinda yana da ɗaki mai siffar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu, mai ɗan tsukakken ƙugu. A ciki akwai majuyi, wani ƙarfe mai kusurwa uku, yana zagayawa kusurwoyinsa na shafar bango. Tsakanin kowane gefe nasa da bango akwai fili, filin nan na buɗewa yana tsukewa yayin da majuyi ke tafiya. A wani sashe ya zuƙi iska da mai, a gaba ya matse, filogi ya kunna, a ƙarshe ya tura hayaƙi waje. Gefe uku na aiki lokaci guda, kuma duk zagaye ɗaya na majuyi sandar tsakiya ta juya sau uku. Tunda ba abin da ke tsayawa ya juyo kamar fistan, injin ba ya jijjiga sosai, yana da ƙanƙanta, yana kuma jure juyi mai yawa. Motar Mazda RX-8 da aka fara sayarwa a 2003 majuyi biyu gare ta, cikinsu duka sisi 1,308 a lissafin kamfanin, amma tana ba da ƙarfin doki sama da 200.

Rauninsa na kan kusurwoyin nan uku. A kan kowace akwai siririn ƙarfe da ke yin aikin ringi, kuma shi ke raba fili da fili. Yana gurzar bango ba hutu, don haka aka tsara injin ya riƙa ɗiga baƙin mai kaɗan-kaɗan a ciki yana ƙonewa tare da fetur. NSU ta fito da motarta Ro 80 a 1967, har ta ci kyautar motar shekara ta Turai ta 1968, amma ƙarafan kusurwa na motocin farko sun riƙa cinyewa da wuri. Kuɗin sauya wa masu saye injuna ya raunana kamfanin, a 1969 Volkswagen ta karɓe shi ta haɗe shi da wanda ya zama Audi. Mazda ta Hiroshima a Japan, wadda ta sayi izinin ƙera injin a 1961, ita ta nace. Injiniyoyinta ƙarƙashin Kenichi Yamamoto sun yi shekaru kan matsalar kusurwa kafin su fitar da Cosmo Sport a 1967. RX-7 ta biyo baya a 1978, kuma a 1991 motar tserensu 787B mai majuyi huɗu ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, karo na farko da wani kamfanin Japan ya yi haka. Duk da wannan, yawan shan mai da hayaƙi suka sa aka daina RX-8 a 2012. Da Mazda ta dawo da injin a 2023 cikin motar MX-30, ba ta ba shi aikin juya taya ba. Janareta ta mai da shi, yana cajin batir.

Wasu masu tsofaffin motocin nan sukan ajiye inji na biyu, domin sun san ranar saukewa na zuwa. Idan sun buɗe shi, zaɓin da ke gabansu irin namu ne. Bangon ɗakin an shafe shi da wani ƙarfe mai tauri, ba a yi masa borin. In ya karce sai dai a sayi wani. Mai son ƙarin ƙarfi sai ya sassaƙe ƙofofin da iska ke shiga ya faɗaɗa su. Ƙarfi na ƙaruwa da gaske, amma a babban juyi kawai. A ƙaramin juyi injin ya riƙa tangaɗi, ya ƙara shan mai, kwanansa ya ragu, kuma ƙarfen da aka sassaƙe ba ya komawa. Wanda ya yi haka don filin tsere ya san abin da ya saya. Wanda ya yi wa injin da ya ajiye don ranar da na cikin mota zai mutu, ya wayi gari ba shi da na ajiya. Garin neman ƙiba ya samo rama.

Kafin a kwance noti ko ɗaya

Sau da yawa laifin ba na inji ba ne. Manomi zai ce injinsa ya daina jan ruwa a watan Maris ko Afrilu, alhali ruwan rijiyar ne ya yi ƙasa. Famfon da ke zaune a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, ko da injin tirela aka ɗaura masa, domin nauyin iskar sararin sama ne ke turo ruwan cikin mesa, kuma iyakar turawarta wajen mita 10 ce. Maganin shi ne abin da tsofaffin 'yan fadama ke yi, a haƙa rami a saukar da famfon kusa da ruwa. Haka mesa mai huda tana shan iska, da fankar famfo da yashi ya cinye. A wajen niƙa kuma, haƙoran faranti da suka dakushe da bel mai santsi suna sa a zargi inji a banza.

In an tabbata inji ne, a fara da masu araha. A wanke matatar iska, a duba filogi, a wanke kafireta, a daidaita bawul. Injin da ya shekara a ajiye da fetur a cikinsa, yawanci kafireta ce ta toshe da dattin tsohon mai. Sannan a tayar da shi a kalli hayaƙi. Shuɗi, baƙin mai yake ci. Baƙi, mai ya fi iska yawa, ko kuma kaya ya yi wa injin gas nauyi. Fari mai kauri a injin gas, ko ruwa na shiga ko man ba ya ƙonewa. A zuba tsohon baƙin man a faranti a kai rana. In ana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe, wani abu na cinyewa a ƙasa. Akwai gwaji mai sauƙi na rarrabe ringi da bawul a injin fetur: a cire filogi, a zuba ɗan baƙin mai a ramin, a mayar, a ja igiya. In ta ƙara tauri, ringi ne, domin man ya toshe yoyon na ɗan lokaci. In ba ta sauya ba, a nemi bawul ko gasket.

Ranar da za a buɗe, mai inji ya tsaya a wurin. Makaniki nagari ba ya jin haushin haka. Zai kama yatsanka ya sa farcenka a bakin silinda ta sama, inda ringi ba ya kaiwa.

"Alhaji, ka ji wannan tudun? Nan ne faɗinta na asali, ƙasa duk ta cinye."

"To sabon ringi ba zai wadatar ba?"

"Bari mu gani."

Sai ya ɗauki sabon ringi shi kaɗai ya tura cikin silinda da kan fistan don ya zauna daidai, ya ɗaga bulo ya fuskanci haske. Inda bakin ringin biyu suka haɗu akwai 'yar tazara, ya auna ta da siraran ƙarafan awo. In sabon ringi ma ya bar tazara mai faɗi, ramin ya buɗe, sai borin. In tazarar daidai take, ringi da gasket sun isa, an huta da tafiya. Daga nan ya kama kwanrod ya girgiza shi sama da ƙasa a kan karankshaf. In yana motsi, aikin ya girma. Makanikin da ya yanke kuɗi tun bai auna komai ba, cinikin kaya yake yi da kai.

Lissafin kuɗi, hanya da lokaci

Alƙaluman da ke tafe na misali ne kawai don koyon hanya. Kowa ya sa farashin da ya tarar a kasuwa. Abin da ake nema shi ne kuɗin da inji zai ci a kowace shekarar aiki.

A ɗauka sabon inji mai girman da ake buƙata naira 200,000 ne, kuma zai yi rani 4. A raba, kowane rani 50,000. A ɗauka gyaran maido da ƙarfi, wato borin, fistan, ringi, gasket, baƙin mai, ladan makaniki da kuɗin mota, ya kama 60,000, zai kuma yi rani 2. Kowane rani 30,000. A nan gyara ya fi. Yanzu a ɗauka an nemi ƙarin ƙarfi, aikin ya kai 110,000, injin ya yi rani 1, yana kuma shan ƙarin rubu'in lita a kowace awa. Awa 300 na ban-ruwa lita 75 ke nan, a naira 1,000 ya zama 75,000. Jimla 185,000 a rani guda, kusan kuɗin sabon da ya fi shi ƙarfi tun asali. Kada a manta tsohon injin ma kuɗi ne. In aka sayar da shi yadda yake, ko aka sayar da sassansa, abin da aka samu ana cire shi daga farashin sabo.

A ganina, duk gyaran da ya haura rabin kuɗin sabo a dakata a sake tunani. Dalili, sabon fistan ba ya sabunta karankshaf da kwayil da suka tsufa tare da tsohon. Ga kuma matsalar kayan gyara. A kasuwa irin Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za a nuna maka ringi kala-kala a kwali iri ɗaya, farashi daban-daban, kuma mafi arahar shi ne zai mai da kai gareji kafin tumatir ya nuna.

Akwai abin da mutumin Kano ba ya sawa a lissafinsa amma mu dole mu sa, shi ne hanya. Kai bulo Funtuwa ko Zariya da komawa ɗauko shi tafiya ce da ake yi da addu'a a wannan yanki. Kowa na tuna 2021, lokacin da gwamnatin jihar Katsina, saboda matsalar tsaro, ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da ukun nan namu. A irin wannan hali, injin da ke tashi da ja ɗaya, mai shan mai kaɗan, wanda kayansa ke samuwa a shagon cikin gari, ya fi mai ƙarfin da ba a samun fistansa sai Kano. Darajar injin ajiya ita ce ya tashi ranar da na aiki ya tsaya. Tumatir da barkono ba sa jiran makaniki ya dawo daga sayen kaya, haka matan da suka kawo niƙa za su ɗauki kwanukansu su tafi wurin maƙwabci.

Lokacin yin aikin ma abin dubawa ne. Mai ban-ruwa ya sauke injinsa da damina, mai casa ya sauke nasa tun kafin masara ta fitar da goyo. Injin da aka haɗa sabo yana son a lallaɓa shi da kaya mara nauyi, a zubar da baƙin man farko bayan awa 20, kamar yadda Honda ta tsara wa sababbin injunanta, daga nan duk awa 100. Baƙin man da yake ɗauka bai wuce lita 0.6 ba, kuɗi kaɗan ne. In za a mai da shi ajiya, a tsiyaye fetur daga tanki da kafireta, a ɗiga baƙin mai a ramin filogi, a ja igiya a hankali har ta yi tauri don bawul su rufe, a ɗora shi kan katako nesa da damshi.

Hukuncin a taƙaice: injin ajiya da bulonsa da karankshaf ɗinsa ke da lafiya, a sauke shi a mai da shi yadda kamfani ya yi shi, a bar gwamna inda yake. Wanda aikinsa ya fi ƙarfin injinsa, ya sayar da tsohon ya cika kuɗi ya sayi babba.

Aikin gida

1. Wani inji faɗin silindarsa milimita 50 ne, tafiyar fistansa ma milimita 50. Ku nemo cikinsa da sisi. Ku sake lissafawa bayan borin na 1.00. Kashi nawa cikin 100 ya ƙaru?

2. Idan aka ƙara juyin famfo da kashi 20 cikin 100, kashi nawa ƙarfin da yake nema zai ƙaru?

3. Da kalmominku, ku rubuta layi biyar kan abin da ya bambanta injin Wankel da injin babur, da dalilin da ya sa ba a yi masa borin.

4. Ku je wurin mai sayar da kayan gyara a garinku ku rubuto farashin fistan, ringi, gasket da sabon inji na yau. Ku tambayi makaniki ladan saukewa da haɗawa, ku sake lissafin kuɗin nan da alƙalumanku.

Wanda yake da injin ajiya a gida, ya duba lambar da ke jikinsa ya rubuto ta, tare da launin hayaƙin da yake yi in ya tashi. Da su za mu fara darasi na gaba.